Wa Ya Faɗa Cikin Audugar?

Abin da na fara tunawa fari ne.
Babu fuska, babu suna,
fari kawai, mai laushi, mai ƙaiƙayi a hanci,
ya haɗiye ni har wuya
a bayan ma'aunin gidan gurzar auduga,
can Bisije, inda jakunan ƙauye
ke sauke kaya suna huci.

Ƙarar injin tana cikin haƙorana,
haƙoran da ba su fi shida ba.
Wani hannu mai warin taba da baƙin mai
ya zaro ni ta ƙafa ɗaya
kamar zakaran da za a kai kasuwa.
Aka tuntsire da dariya, dariyar maza da yawa.
Jan takalmina na roba ya saura a ciki.
Shekara arba'in da bakwai ina riƙe da wannan
kamar kwabon da aka daina karɓa.

Daren sadakar arba'in ɗin Baffa,
a gidanmu na Herwagana,
aka ɗauke wuta, muka jawo tabarmi tsakar gida,
sai na ba da labarin.
Adda Hajjo ta dire kofin shayinta.
"Kai ɗin? Ni ce na faɗa.
Kana goye a bayan Dada, majina har haɓa.
Takalmin nawa ne, kuma shuɗi ne,
a jikina aka fanshe kuɗinsa."

Hamma Jijji ya ce mu bar gardama,
shi dai jirgin ƙasa ya sani,
ranar da ya yi kuka a tasha
ya saki fitsari a wuyan Baffa,
Baffa kuwa bai sauke shi ba
sai da taragon ƙarshe ya wuce.
Matar ƙanena ta ce ita ɗacin magani ne,
da sanyin cokali, da yatsu biyu a hancinta.
Ƙanen nawa ya ce shi kam ba shi da komai,
farkawa ya yi ya gan shi a aji biyu
da alli a hannu, ana jiran amsa.

Ban yi barci ba.
Idan ba ni na faɗa ba, wa aka zaro?
A ina na aro ƙaiƙayin?

Da hantsi na shiga ɗakin Dada.
Sunayenmu sun cakuɗe mata yanzu,
takan kira ni da sunan wanda ya riga mu.
Na durƙusa na ce, "Dada,
wa ya faɗa cikin audugar?"
Ta daɗe tana murza ƙwayar carbi guda.
"Ruwa ne," in ji ta.
"Gongola ya kawo. An sa ni cikin masaki,
wani na iyo yana turawa.
Ɗan akuya na kan cinyata,
zuciyarsa na bugawa a tafina,
tana sauri, ta fi tawa sauri.
Ban san wa ke jiranmu a ƙetare ba."
Ta ɗago, ta ƙare mini kallo.
"Kai ne mai turawar?"

Na ce ni ne.
Ta ce, "To, a hankali."

Na fito na tarar da Adda Hajjo
ta baje katifar Baffa a rana.
Ɗinkin ya ɓalle ta gefe,
audugar ta tsufa, ta koma launin ƙasa,
har da 'yan gurya da injin ya manta.
Ba ta dube ni ba.
Ta tsamo curi guda ta miƙo ta baya.
"Ungo rabonka. Amma takalmin shuɗi ne."

Na kai hanci.
Atishawar da ta zo,
wallahi, na san ta.